Gadon jariri na jikin gado: in saya na kanti ko in ba kafinta?

Ummi Agege: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Dan Allah shawara nake nema, cikina ya shiga wata takwas kuma a wajen awo likita ya ce yaron a zaune yake, in bai juya ba aiki za a yi min. Shi ne nake tunanin irin gadon jaririn nan da ake mannawa a jikin gadon uwa, wanda gefe ɗaya yake sauka, saboda kar in dinga miƙewa cikin dare da ɗinki a jikina. Ciki da falo muke a Agege, ɗakin ba wani girma, gado 6 by 6 da wadirof sun cinye wajen. Na duba Jumia da Jiji kala kala ne har kaina ya ɗaure, wani mai ƙafa wani mai lilo wani kuma kamar ƙaramar katifa ce da net a kai. Wanne ya kamata in saya? Ko in ba kafinta ya yi min?

Maman Sultan (Mile 12): Wa alaikis salam, Allah ya raba lafiya ƙanwata. Ni Chicco Next2Me na yi amfani da shi a haihuwar Sultan kuma nima aiki aka yi min, wlh ya taimake ni sosai, hannu kawai zan miƙa in jawo shi in ba shi nono in mayar. Amma ki sani wata shida ne iyakarsa ko kilo 9, da yaro ya fara yunƙurin zama shikenan an gama da shi. Kuma da tsada yanzu, tun da dala ta tashi kayan jarirai na waje sai a hankali.

Hajiya Mama (Idi-Araba): Ummi 'yata Allah ya sauke ki lafiya. Ni dai ban gane wannan sabon al'amari ba, yara tara na haifa duk a jikina suka kwana, ɗumin uwa shi ne gadon jariri. Ki ajiye kuɗinki ki sai kayan kunun kanwa da abin da zai gyara miki jiki. Jaririn da bai yi arba'in ba a ware shi gefe shi kaɗai? Haba.

Maman Hanifa (Obalende): Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ni ina sarin kayan jarirai a Balogun, kuma in faɗa miki abin da aka fi saya shi ne mai net ɗin nan da ake naɗewa, yana zuwa da ɗan filonsa da katifarsa mai laushi, ki ɗora shi a tsakiyar gadonki ke da maigida, ga arha ga sauƙin ɗauka in za ki Kano. In kina so in turo miki kaloli.

Anti Nas: Salam. Ummi kar ki yi gaggawar biya tukuna. Hajiya Mama ina gaisuwa, a yi min haƙuri zan ɗan yi tsawo domin maganar nan tana ci min rai, ungozoma ce ni kuma na karɓi jariran da aka kawo da asuba an ce lafiya lau aka kwanta, babu abin da za mu iya yi musu. Ba a son tuna irin ranakun nan.

Abin da aka koya mana kuma muke koyarwa guda ne: jariri ya kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida na farko, amma a shimfiɗarsa daban, a rigingine, kan katifa mai tauri wadda take a miƙe ba tudu ba kwari, babu filo babu bargo mai kauri babu 'yar tsana. Shi ya sa gadon jikin gado yake da kyau in an same shi daidai, yana kusa da ke kina jin numfashinsa, hannunki yana kai wa gare shi, amma ba zai shige ƙarƙashin filonki ko hannun babansa ba. Wato ba ware shi aka yi ba Hajiya, taku ɗaya ma babu tsakaninsu.

Maman Hanifa ki gafarce ni ba kasuwa nake son ɓata miki ba, amma mai laushin nan da filo ban yarda a bar jariri ya kwana a ciki ba. Jaririn wata ɗaya bai iya ɗaga kansa ya kau da fuska ba, in hancinsa ya nutse a soso ko ya jingina da gefen nan mai taushi, iskar da ya fitar ita zai ta mayarwa. Da rana kina zaune kina kallonsa a falo wannan daban, amma dare kowa ya yi nisa a barci, a'a.

Maman Hanifa (Obalende): Toh Anti ai ni ba wanda ya taɓa dawo min da ƙorafi, kuma nawa yaran ma a ciki suka kwana.

Anti Nas: Alhamdulillah Allah ya tsare su, kuma yawancin yara haka ne lafiya suke tashi, shi ya sa abin yake da wuyar gamsar da mutane. Ba kowa yake samu ba amma wanda ya samu babu gyara. A Amurka akwai wata kujerar barcin jarirai mai gangare ta Fisher-Price, sunanta Rock 'n Play, iyaye sun so ta ƙwarai don yara suna barci a ciki, sai a Afrilun 2019 aka janye guda miliyan 4.7 daga kasuwa bayan mutuwar jarirai sama da 30, kan yaro yana rinjayowa gaba haɓa ta danne ƙirji hanyar iska ta toshe, ko ya juya ya kife. A 2022 suka sa hannu a dokar da ta hana sayar da abin kwanciyar jarirai mai gangare da kuma soson nan da ake zagaye cikin gado da shi don ado. To ina kayan da aka hana can suke tafiya? Wasu a kwantenar gwanjo suke ƙarewa, ki zaga kasuwar Katangua ko ta Aswani ranar Talata za ki ga irinsu a shimfiɗe ana ciniki.

Hajiya Mama (Idi-Araba): To ni abin da ban yarda da shi ba rigingine ɗin nan. In ya yi tumbuɗi fa? Ai shaƙewa zai yi. Mu a gefe muke kwantar da su mu tokare bayan da zani, wani lokacin ma ruf da ciki in ciwon ciki ya dame shi.

Anti Nas: Hajiya wannan tsoron kusan kowace kaka tana da shi kuma ba laifi ba ne, mahaifiyata ma sai da muka daɗe muna yi da ita. Amma yadda Allah ya halicci maƙogwaro, in yaro yana rigingine hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, abin da ya taso sai ya koma ta inda ya fito ko ya haɗiye ko ya yi tari ya fitar da shi waje. In ya kife kuwa hanyar iskar ce a ƙasa, nonon can zai gangara. Kwanciyar gefe kuma matsalarta yana iya mirginawa ya kife, zanin da aka tokare shi da shi ya zama wani abin rufe fuska. Da aka fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a Amurka a 1994, mutuwar farat ɗaya cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Ki sa shi ya yi gyatsa a kafaɗa bayan nono sannan a kwantar, ruf da ciki kuma a bari sai idonsa biyu kina wajen, wannan ma yana ƙarfafa masa wuya kuma yana hana ƙeya bajewa.

Zainabu Ajah: Bari in sa baki, a Ingila na haifi ta farin kafin mu dawo. Ummi tambayar da ba wanda ya yi miki: gadonki mai ƙafa ne ko katifa ce a ƙasa? Domin duk maganar a nan take. Irin su Next2Me da SnuzPod da CoZee an yi su ne a ɗaure da igiyoyi a jikin firam ɗin gado, ki daidaita tsayinsa da katifarki sannan ki ja igiya ya manne tsam. In katifa ce a ƙasa ko kuma irin gadajenmu na kafinta masu faɗin katako a gefe da ya fito waje, ba zai manne ba, sai rami ya rage tsakanin katifarki da nasa, kuma ramin nan shi ne haɗarin gaba ɗaya, jariri ya gangara ya maƙale. Ki ɗauki tef ki auna daga ƙasa zuwa saman katifarki, ki duba ko katakon gefe ya turo, kafin ki saya ki tambayi mai sayarwa tsayin ƙarshe na sama da na ƙasa.

Sannan ki duba takardar jikinsa. Na Turai akwai lamba EN 1130, wato ƙa'idar ingancin gadon jarirai, sabon tsarin na 2019 ne, shi ya ce ko an sauke gefen dole a bar ɗan shinge na santimita 12 kada yaro ya mirgino kan katifar uwa. Tsofaffin da gefen yake sauka gaba ɗaya kafin wannan aka yi su. In gwanjo za ki saya ki tabbata igiyoyin suna nan, yawanci su ne suke fara ɓata.

Ummi Agege: Anti Zainabu gado ne mai ƙafa amma gsky yana da katakon nan a gefe, irin na kayan ɗaki da aka kawo min daga gida, kuma katifar Vitafoam ce mai tudu sosai. Yanzu na je na duba katakon ya fito kamar faɗin tafin hannu. Kenan na kantin ba zai yi min ba?

Zainabu Ajah: Da wuya ya manne. Kuma dan Allah kar wani ya ce miki ki cusa filo ko tawul a ramin, ba a yi. Amma ba asara ba ce, kina iya ajiye shi a jikin gadon da gefensa a rufe duk dare, ya zama ƙaramin gado mai zaman kansa, sai dai kin ga kuɗin da za ki biya domin gefe mai sauka ya tafi a banza kenan.

Maman Abba (Alaba Rago): To ai nan ne kafinta yake da rana. Baban Abba aikinsa kenan, ba talla nake ba Agege ma cike take da kafintoci kuma Mushin ga katako nan, ki samu na kusa da ke ya zo ya auna ɗakin da idonsa. Amma ki tsaya a kansa, don in kika ce masa kawai gadon jariri zai yi miki mai kwalliya da sanduna wara wara da fenti mai ƙyalli. Abin da za ki faɗa masa: tsakanin sanda da sanda kar ya wuce santimita 6, in gwangwanin lemo ya shige tsakani to ya yi faɗi a sake. Kar ya yi zanen da aka huda katako a wajen kai, kar ya bar ƙusa ko kan sanda ya fito sama inda riga za ta maƙale. Ƙasan ya zama katako mai ƙarfi a miƙe, a ɗan huda shi don iska saboda danshin Legas, kin san yadda kaya suke yin fumfuna da damina. Katifa kuma a yanka ta daidai cikin gadon, soso mai tauri ba mai lotsawa ba, in yatsunki biyu suka shige tsakanin katifa da katako ta yi ƙanƙanta.

Kuma ki ba shi aikin yanzu yanzu, fenti da banish suna ɗaukar lokaci warinsu bai fita ba, a shanya shi a waje inda iska take kafin haihuwa.

Maman Sultan (Mile 12): Ni fa ina jin tsoron na kafinta, ba a gwada shi ba. Na kamfani an gwada nauyi an gwada komai, shi kuwa malam kafinta da ido yake aiki. Kuma katako a Legas kuɗin cizo, in suka shiga tsagar katako sai dai a ƙona.

Maman Abba (Alaba Rago): Kuɗin cizo ai a gwanjo aka fi kwaso su Maman Sultan, cikin ɗinkin yadin nan da katifar da ba ki san yaran da suka kwana a kai ba. Sabon katako ba ya zuwa da su. Kuma na kasuwa ma ba duka ne na kamfani ba, wasu sunan kawai aka buga a kwali, ki jijjiga ki ga yadda ƙafar take rawa.

Anti Nas: Ku duka kuna da gaskiya. Ra'ayina, in kafinta zai yi to ya yi mai gefe huɗu a kafe, kar ya ƙirƙiro gefe mai sauka da sakata ko hinji na kansa. Ko a Amurka manyan gadajen yara masu gefen da yake zamewa sama da ƙasa an hana su tun 2011 saboda ƙarfen yana kwancewa yaro ya maƙale a tsakani, to balle wanda aka haɗa da sakatar taga. Ya yi ƙafafun yadda katifar jaririn za ta zo kusan daidai da taki, daga zaune a bakin gado ki sunkuya kaɗan ki ɗauke shi. Amma da ya fara juyi yana neman zama dole a sauke ƙasan ko a canza gado, ki ce masa ya yi matakai biyu. In gwanjo ne kuma, katifar dai a sake sabuwa.

Ummi ki ji wannan tunda aiki ake zato. Kwanakin farko maganin ciwon da za a ba ki yana iya sa barci mai nauyi, ga gajiya, to a lokacin ne kwana da jariri a gado ɗaya ya fi haɗari, haka in bakwaini ne ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ko akwai mai shan taba a gidan. Waye zai zauna da ke?

Ummi Agege: Umma za ta zo daga Zariya in sha Allah har arba'in, maigida zai koma falo.

Anti Nas: Madalla, to ita za ta dinga miƙo miki shi ta mayar. Amma ki ja kunnen kowa a kan kujerar falo, kar wanda ya kwanta a kushin da jariri a ƙirji ya yi barci, wannan ya fi gado haɗari nesa ba kusa ba, yaro yana zamewa lungun kujera. In kin ji barci zai ɗauke ki kina shayarwa gara a kan gado, ki ture filo da bargo nesa tun kafin ki fara, da kin farka ki mayar da shi nasa. Kusan kowace mai jego sai barci ya sace ta wata rana, shi ya sa ake shirya gadon tun da wuri.

Hajiya Mama (Idi-Araba): Na ji bayaninki 'yar nan kuma ban ƙi ba, tunda dai a jikin gadon uwar zai kasance. Mu lokacinmu katifar rimi ce ko tabarma, babu wannan tulin filo da bargo da kuke jibgewa a gado yanzu, kuma maigida ba ya kwana ɗakin mai jego. Amma duk kun manta babban abu, sauro. Agege da damina kwatoci sun cika, wane gado ne zai hana zazzaɓi?

Zainabu Ajah: Wlh Hajiya kin taɓo inda Turawan ba su yi tunaninmu ba. Wasu na kantin suna zuwa da ɗan net nasu amma ba mai magani ba ne, kuma in kin sauke gefe net ɗin ya tashi aiki.

Anti Nas: Hajiya ta fi mu gaskiya a nan. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ƙananan yara ya fi kashewa. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a wajen awo, ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin amfani. Abin da ya fi min shi ne babba guda ɗaya da zai rufe gadonki da nasa tare, in bai kai ba tela ya haɗa biyu, a ɗaure shi sama sosai a ja shi ya miƙe a cusa bakinsa, kar ya yi lanƙwasa ya sauko kan fuskar yaro ko inda hannunsa zai kamo, igiyar ɗaurin ma ta yi nesa da shi. Maganin sauro na kunnawa kuma banda shi a ɗakin jariri, haka turaren wuta, na san ba a raba mai jego da turare amma a turara kaya a falo a bar hayaƙin ya fita. Janareto kuma nesa da taga, in na maƙwabta ne a roƙe su, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari amma tana kisa.

Maman Hanifa (Obalende): To zafi fa? In NEPA sun ɗauke cikin net ai wuta ne. Ko da yake mutanenmu ma hula da safa da rigar sanyi da shawul suke nannaɗe yaro da su a watan Maris, sai ƙurajen zafi su feso. Kullum ina faɗa wa masu saye su rage.

Anti Nas: Yauwa, yawan zafin ma yana cikin abubuwan da ake gudu. A ɗaki babu hula in zai yi barci, 'yar shimi ta auduga da famfas sun isa a daren zafi, ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuya, in da gumi a rage kaya, kar ki bi ta tafin ƙafa don kullum da ɗan sanyi yake. Fanka mai caji ba laifi, ta dinga juyawa kar a saita ta a fuskarsa. Shi ya sa gado mai sanduna ko mai raga a gefe ya fi wanda aka lulluɓe da yadi mai kauri. In za a rufa masa zani, mara nauyi, ƙafarsa a ƙarshen gadon, a cusa zanin ƙarƙashin katifa iya ƙirji.

Ummi Agege: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Inaga kafintan zan bi tunda na kantin ba zai manne ba, gefe huɗu a kafe, kuma zan nuna wa Umma bayanin Anti Nas tun kafin ta taso don na san za mu yi ta a kan rigingine. Maman Hanifa zan zo Balogun wajenki sayen zanin gado da shimi. Maman Abba tsawo da faɗi nawa zan ce masa? Tsakanin gado da bango bai fi taku uku ba.

Maman Abba (Alaba Rago): Na tambayi Baban Abba, ya ce cikinsa kamar santimita 90 a tsawo 50 a faɗi ya isa watannin farko kuma zai shiga wajen, amma kar ki yanke sai kafintan ya zo ya auna da kansa ya ga ta inda za ki dinga sauka daga gado, kar gadon ya tare miki hanyar banɗaki da dare. Kuma kar a sa shi ƙarƙashin taga inda labule ko wayar caji take lilo. In zai sa taya a ƙafa ya sa mai birki, in babu mai birki a bar shi ba taya.